Dokokin da Na Ƙara wa Littafin Zarto

Mahaifina kafinta ne, haka ma ƙanensa da muke kira Bappa. Rumfar aikinsu tana jingine da katangar gidanmu a unguwar Shamaki, saboda haka duk abin da ake yi a cikinta muna jin sa daga tsakar gida: bugun guduma, gurzar zarto, da musun da ba ya ƙarewa a kan wanda ya ɓatar da fensir. Ƙofofi da tagogi suke yi, sai akwatunan amare in kaka ta yi. Babban zarton da suke tsaga katako da shi na hannu ne mai mariƙi biyu, wannan ya ja wancan ya ja, falanki guda sai ya cinye musu rabin safiya.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, sai dai ya ce Uwata. Wannan suna ya sangarta ni, ban musa ba. Abin da wani zai yi a gidan ya sha tsawa, ni in na yi sai Baba ya kau da kai ya ce uwa ba ta laifi.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai na fara koyarwa a aji uku, a lokacin ne kuɗin man fetur ya fara taɓa har irinmu. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Aka yi ta gina azuzuwa a Pantami da Nasarawo da ƙauyuka, azuzuwan kuwa babu abin zama, sai ofishin ilimi ya rarraba wa kafintocin gari aikin benci da tebur. Rabon Baba ya fi ƙarfin zarton hannu nesa ba kusa ba. Ya kwana biyu yana saƙawa da kwancewa, rana ta uku ya tafi Jos. Da ya dawo, a bayan wata babbar mota muka hango shi, zaune kan wani ƙaton akwati, ya riƙe igiyar da aka ɗaure shi da ita kamar mai rakiyar amarya.

Injin zarto ne mai aiki da lantarki. Tebur ne na ƙarfe, an tsaga tsakiyarsa, faifai mai haƙora ya leƙo ta tsagar. A gefe akwai wani dogon ƙarfe miƙaƙƙe da ake jingina katako da shi don yanka ya tafi daidai, su Baba suka sa masa suna jagora. A bayan faifan kuma wani siririn ƙarfe ne a tsaye, lanƙwasasshe kamar lauje, ba ya juyawa, ba ya yanka komai. Bappa ya zagaya shi sau biyu ya ce, “Wannan kuma ɗan rakiya ne, an dai sa shi ne don cika kuɗi.” Sunan ya bi shi.

Mai haɗa wuta ya zo ya haɗa ya tafi. Unguwa ta taru. Baba ya tura falankin farko, kafin mutum ya ce kwabo ya rabu biyu, mutane suka ɗauki salati. Ana cikin murna sai wani guntun katako da ya saura kusa da faifan ya taɓa haƙoran baya. Ba wanda ya ga tashinsa, sai ƙara aka ji. Ya wuce ta gefen kunnen Baba ya bugi butar Bappa da ke rataye a ginshiƙi, ya lotsa ta. 'Yan kallo suka watse har da masu barin takalmi.

Baba ya kashe injin ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, “Ashe abin nan harbi yake yi kamar jaki.” Ya leƙo zaure ya ɗaga murya: “Uwata! Zo da gilashin ilimin nan naki.”

A cikin akwatin akwai wani ɗan siririn littafi da Turanci, mai hotuna. Baba da Bappa sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta awonsu da ajami, amma boko ko harafi. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a rumfa, na zauna da littafin a cinya da ƙamus a gefe, dattawa biyu suka sa ni a gaba kamar masu ɗaukar karatu. Gaskiya Turancin kwalejinmu bai taɓa bi ta wajen zarto ba. Da ƙamus da hotuna na riƙa lalube, amma na gane, kuma abin da na faɗa musu a ranar, har zuwa shafi na takwas, gaskiya ne tsantsa.

Na ce haƙoran gaba na faifan ƙasa suke yi da katako, su ne masu yanka. Na baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. In katako ya matse bayan faifan, ko ya karkace, ko wani guntu ya taɓa wurin, haƙoran nan sai su ɗauke shi su jefo shi da duk ƙarfin injin. Aikin ɗan rakiya shi ne ya shiga cikin tsagar da aka yanka ya hana ta rufewa a kan faifan.

Bappa ya ce, “Af! Ashe mai gadi ne.”

Na ci gaba. Kada a tsaya daidai bayan katako, a goce gefe. Kada a yanka a sake, dole katako ya kwanta a tebur ya jingina da jagora. Jagoran ya zama a miƙe da faifan, kada bakinsa na can ya matso ciki. Kada faifan ya leƙo sama da kaurin katako sai kaɗan. A bari injin ya ɗauki gudu kafin a tura, in an fara kuma kada a saki, kada a ja baya. In yanka ya zo ƙarshe a tura da sanda mai ƙugiya, ba da yatsu ba. Ɗanyen katako da lanƙwasasshe da mai ƙusa a jiki, a yi hattara da su. Babbar riga kuma a tuɓe ta.

Kowace na faɗa sai Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Na'am. Bature ya yi gaskiya.” Mutumin da ko farashin tumatir aka faɗa masa sai ya yi gardama, ga shi yau ina magana yana cewa na'am. Abin ya yi mini daɗi. Na ɗaga kai sai na hango Inna, mahaifiyata, tana leƙe ta ƙofar zaure. Tun safe take mitar ƙarar injin, ga tuwon rana da ta aika ya dawo ba a buɗe ba. Muka haɗa ido. Ta ɗaga mini gira.

Na buɗe shafi na tara, wanda ke bayanin yadda ake zuba wa injin mai. Na ɗora yatsa a kan layi, na gyara murya na ce, “Nan kuma ya ce daga azahar zuwa la'asar a kashe shi ya huta. In ba haka ba faifan zai ɗauki zafi, harbinsa ya ninka.”

Baba ya dubi Bappa ya ce, “Ka ji ko? Da ma jikina ya ba ni. Ko jaki ai ba a yi masa lodi da tsakar rana.”

Da yamma Inna ta tsamo mini tsoka biyu daga tukunya ba tare da ta dube ni ba.

Da a nan na tsaya da ba a yi komai ba. Amma wanda ya ɗanɗana zuma da wuya ya rufe tulun. Bayan kwana uku Inna tana tsince shinkafa ta ce, kamar da shinkafar take magana, “Goron nan da malam ke ci tun safe, shi ke hana shi cin abinci. Ko littafin ya yi maganar goro?” Washegari littafin ya yi maganar goro. Na ce wa Baba na sake dubawa na ga wani layi da na tsallake: mai goro a baki kada ya kusanci injin, domin tauna tana raba hankali biyu.

Garin katako kuma iska na kwaso shi ta kan katanga ta zuba mana a tsakar gida, har cikin randa, ni ce mai shara safe da yamma. Sai littafin ya ce wanda ya yi yanka shi zai share garin da hannunsa, ciki da waje, don ya duba ko wani haƙori ya karye ya faɗi. Ranar da na ga Baba da Bappa, masu furfura a gemu, sun duƙa da tsintsiya suna tona gari suna neman haƙorin da bai faɗi ba, sai da na shiga ɗaki na cusa fuska a filo. Rediyon Bappa, wanda ke hana ni duba littattafan yara, shi ma littafin ya hana kunna shi kusa da injin. Safiyar Asabar, ranar da nake son in ɗan ƙara barci, ta zama ranar da ƙarfe ke shan iska.

Bappa ne ya fara shinshino wani abu. Wata rana ya ɗauki littafin ya auna kaurinsa da yatsu biyu ya ce, “'Yata, littafin nan ko kaurin masa bai kai ba, amma dokokinsa sun fi na alƙali yawa. Kuma shi Baturen nan, a ina ya san goro?”

Na ce, “Bappa, ai wannan bugun na ƙasarmu ne. Na ƙasarsu taba aka rubuta.”

Ya dube ni ya daɗe, gefen bakinsa yana rawa. Ya ajiye littafin ya koma aikinsa. Ina jin hutun azahar ɗin nan ya yi masa daɗi shi ma.

Sau ɗaya kawai na ƙi bin Inna. Ta ce ko littafin zai ce duk ranar da aka wasa faifai a yanka kaza. Na ce, “Haba Inna, Bature ba zai ce a yanka kaza ba.” Ta ce to ko zabo. Na ce ko zabo.

Wata biyu muna cikin wannan daula. Aiki yana tafiya, benci suna taruwa har bakin hanya, injin bai ƙara harbi ko sau ɗaya ba, domin dokokin gaskiyar ma Baba yana bin su sau da ƙafa. Ya sassaƙa sandar turawa da kansa, ya yi mata gurbi a ginshiƙi. In maƙwabci ya zo kallo ya tsaya bayan katako, sai ya daka masa tsawa ya ce littafi ya hana. Har ƙiba ya fara yi.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Wata Litinin ofishin ilimi ya aiko mai duba aiki, wani malamin koyar da sana'ar katako, mutumin Tangale, dogo mai sanyin magana, a kan babur. Na taso daga makaranta ke nan, ina tsakar gida ina cire takalmi, na ji muryarsa ta bayan katanga yana yaba haɗin benci. Sai ya ce yana so ya ga yadda injin ke yanka.

Baba ya ce, “Ayya malam, sai dai ka jira la'asar. Yanzu lokacin hutunsa ne.”

“Hutu kuma, Baba? Wuta ce babu?”

“Akwai wuta. Littafinsa ne ya hana. Kai da kake malamin abin, ai ka fi ni sani.”

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Inna ta ajiye ludayi. Muna ji Baba ya shiga jero dokoki da alfahari, na gaskiya da na ƙarya a haɗe kamar wake da shinkafa: a goce gefe, kada a ci goro, a bar ɗan rakiya a wurinsa, a kashe rediyo, a tura da sanda, Asabar da safe ƙarfe na shan iska. Malamin ya ce ko zai ga littafin. Na ji ƙarar buɗe shafi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar a ƙirjina ake buɗe shi.

“Baba, wane shafi ne na hutun?”

“Ga shi nan, mai hoton 'yar buta.”

“Wannan ai na zuba mai ne.”

“Na goron fa?”

Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Na ji ya yi tari, ya sake yin tari, daga nan dariyar ta ƙwace masa. Bappa ma, Allah ya jiƙansa, ya kasa riƙe tasa. Da malamin ya farfaɗo ya ce, “Amma Baba, sauran gaskiya ne fa. Na ƙarfen bayan nan da na gocewa gefe, waɗannan kada ka yi wasa da su.” Ina! Baba ya riga ya toshe kunne. Ya yi masa godiya a taƙaice, ya raka shi har wajen babur.

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya shigo gida ya wuce ni, ya ɗauki buta, sannan ya juyo ya ce, “Sannu da aiki, Malama.” Tun da nake bai taɓa kira na da wannan suna ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Washegari tun da sassafe rediyon Bappa ya tashi da ƙarar da ba a taɓa kai shi ba, kuma Baba ne ya murɗa shi. Na leƙa rumfa kafin in tafi makaranta. Yana sanye da babbar riga, kumatunsa cike da goro, ya sa sifana yana kwance ɗan rakiya. Ya cire shi ya jefa cikin kwandon guntaye. Sandar turawa kuwa ya aika wa Inna ya ce ta ƙara a kan muciyoyinta.

Na durƙusa na ce, “Baba, na yi laifi, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Amma wallahi na ɗan rakiya gaskiya ne. Ga hotonsa ma a littafin.”

Ya ce, “Na hutun ma ai da hotonsa.”

“Baba, wannan na rantse. A kan goro ban rantse ba.”

“To, ashe har tsari ne da ke, wata ƙaryar da rantsuwa wata babu. Tashi kada ki makara, Malama, yaran mutane na jiran ilimi.”

A bakin hanya Bappa ya tare ni ya ce, “Ki bar shi. Hamma, yayan nan nawa, ba da injin yake faɗa ba, da ke yake. An yi masa dariya a gaban baƙo, har da ni mara kunya. In ya huce zan mayar da ƙarfen.” Na ce ya mayar yanzu. Ya ce, “Ni in mayar ya cire, in mayar ya cire? Shekara hamsin ina bayansa, na san inda ake tarar sa.”

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne kwana huɗu suka wuce ba abin da ya faru. Farin katakon kudu ne suke yankawa, busasshe, miƙaƙƙe, mai sauƙin kai. Kullum da yamma in Baba ya shigo sai ya tsaya inda zan ji ya ce wa Inna, “Yau ma na ci goro biyar a gaban injin, Bature bai aiko a kama ni ba.” Ni kuwa a aji ina rubutu a allo hankalina yana Shamaki. Na sake samun sa sau biyu, sau biyun yana ce mini in je in karanta wa Inna.

Rana ta biyar Asabar ce. Farin katako ya ƙare, sai suka jawo wasu falankan maɗaci da aka kawo daga ƙauye, yankan damina, ba su gama bushewa ba. Ina tsakar gida ina wanki. A wata biyun nan kunnena ya san muryar injin, na san kukansa in yana cin katako lafiya. Sai na ji kukan ya sauya, ya yi ƙasa, ya zama gurnani kamar an shaƙe shi. Na miƙe da kumfa a hannu. Kafin in ɗaga ƙafa na ji wani irin bugu, sannan ƙarar fashewar wani abu, rediyo ya yi tsit, Bappa yana salati.

Ban san yadda na fita ba, ko mayafi babu. Baba yana zaune dirshan a cikin garin katako, ya dafe haƙarƙarinsa na dama, bakinsa a buɗe yana neman numfashi ya rasa. Hularsa tana can gefe. Falankin ya matse bayan faifan, injin ya ɗauke shi ya jefo, ya same shi a gefen ƙirji, ya goce ya tarwatsa rediyon Bappa, ya huda zanan rumfar ya tsaya rabi a waje. Bappa ya kashe wuta ya rungumo shi ta baya. Ni na durƙusa ina kiran Baba, Baba, ba na iya faɗin komai sai wannan. Idonsa ya yi ja, yana kallona. Na ɗauka kallon ƙarshe ne.

Can numfashin ya dawo masa da wata ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa. Ya ja sau biyu, sau uku. Ya tofar da goro. Maganar farko da ya yi, da ƙyar, ita ce: “Kada wanda ya gaya wa malamin nan.”

Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura ya kai mu asibiti. Aka ce ƙasusuwan haƙarƙari biyu sun tsage, ba su karye ba, aka naɗe masa ƙirji aka ce ya kwanta. Likitan ya ce da falankin ya matsa yatsa huɗu zuwa tsakiya da wata maganar ake yi. A hanyar dawowa ina bayan mota ina ta maimaita yatsa huɗun nan, ina kallon hannuna. Har yau in na tuna abin nakan yi dariya a wurare da yawa, amma ban da wannan wurin. Na ɗauki amanar da dattijo ya ba ni don bai iya karatu ba, na yi wasa da ita, har gaskiyar da za ta tsare ransa ta zama ba ta da daraja a bakina. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba.

Kwanciyar ta yi wa Baba wuya ta wani ɓangare da ba a zata ba: ba ya iya dariya, in ya yi sai ƙirjin ya soke shi. Bappa kuwa da ya gane haka sai ya mai da ita sana'a. Kullum zai shigo da gawar rediyonsa a hannu, ya zauna a bakin gado ya yi fuskar makoki ya ce, “Hamma, na zo ne a kan maganar marigayi. Ya bar batir huɗu marayu.” Baba ya dafe ƙirji yana cewa, “Fita! Don Allah fitar mini da shi!” hawaye na zubo masa.

A rana ta huɗu ya aika a kira ni. Inna tana zaune a gefe tana yi masa fifita. Na durƙusa daga bakin ƙofa na fara ba da haƙuri ina kuka. Ya ɗaga hannu ya ce, “Ya isa. Rabin laifin naki ne, rabin na taurin kaina. Ɗauko littafin, ki haɗo da jan biron da kike yi wa yara maki.”

Na kawo. Ya ce in faɗi dokokin ɗaya bayan ɗaya, duk ta gaskiya in nuna masa inda take in yi mata alama da ja, ta ƙarya kuma in dube shi ido cikin ido in ce ƙarya ce. Haka muka yi. Gocewa gefe, ja. Ɗan rakiya, ja, har sau biyu ya sa na yi. Goro, ƙarya ce, Baba. Shara, ƙarya ce, Baba. Da muka zo kan Asabar ya ce, “Wannan ko ba ki faɗa ba na san mai ita.” Sannan ya ce, “Amma ta goro da ta azahar ba su yi kama da ke ba. Wa ya sa ki?”

Na saci kallon Inna. Mafici bai ko tsaya a hannunta ba. Ta girgiza kai ta ce, “Yaran zamani ke nan, malam. In ka sa su boko sai abin da ka gani.”

Na ce, “Ni kaɗai ce, Baba.”

Ya dubi Inna, ya dube ni, ya rufe ido ya dafe ƙirji, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu ya lafa ya ce, “Tashi, Uwata. Hukuncinki shara. Ciki da waje, har a gama aikin nan. In kin tsinci haƙori ki kawo mini.”

Maganar da ya ce kada a gaya wa malamin, kafin la'asar ta ranar da abin ya faru ta riga ta kai Pantami, inda yake zaune. Malamin ya zo dubiya da lemo a leda, bai yi dariya ko sau ɗaya ba, abin da ya sa Baba ya ƙaunace shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya tuɓe riga ya shiga rumfa da Bappa. Suka tono ɗan rakiya daga kwandon guntaye suka ɗaura, ya daidaita shi da faifan. Ya auna jagora ya ga bakinsa na can ya ɗan matso ciki, ya gyara. Ya cire faifan ya nuna musu yadda ɗanyen maɗaci ya shafe haƙoran da ƙaro har suka dakushe, suka wanke da kananzir, Bappa ya wasa. Ya ce a jera sauran maɗacin a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a manta da su sai sun bushe, dogon falanki kuma a sa masa abin tallafi ta can baya kada ya rinjaya. Baba ya sa an fito masa da kujera, aka ajiye ta can gefe nesa da layin faifan, yana zaune a naɗe kamar jariri yana ba da umarnin abin da an riga an yi.

Inna ta dawo da sandar turawa da kanta. Ta ce ba ta tuƙa tuwo da kyau.

Bappa ya ƙarasa yawancin yankan, Baba ya koma aiki bayan sati biyar. Na yi shara har ranar da babbar mota ta kwashe benci na ƙarshe, hannuna ya yi kanta. Cikin 'yan shekaru kafintoci da yawa a gari suka sayi irin injin, kuma duk wanda ya sayo sai an ce masa ya je Shamaki wajen dattijon da zarto ya harba. Baba yakan zaunar da su, ya bi musu jajayen alamun nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗage riga ya nuna tabon, ya ba da labari. Sai dai labarin yana girma. Da farko falanki ne mai kamu shida. Daga baya ya zama sai mutum biyu ke ɗaga shi. Wata rana ina kawo musu ruwa na ji yana gaya wa wani kafinta daga Nasarawo cewa ya ga tahowar katakon sarai, da gangan ya tare shi da ƙirji don kada ya samu ƙanensa, alhali Bappa yana can ɗaya gefen teburin a lokacin.

Bappa yana wasa faifai, bai ko ɗago ba ya ce wa baƙon, “Ka yi saurin zuwa, ɗan'uwa. Bara falanki ne, bana gungume. Da ka bari sai baɗi, da itacen za ka ji an ce ya taso da saiwarsa.”